Yadda Tsaya-Haka Ya Sayi Kan Kyamara

A layin da shagonsa yake, babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka sa masa. Tsaya-Haka ake ce masa, don kalmar da ba ta barin bakinsa ke nan in ya ɗaga kyamara: "Yawwa, tsaya haka." Yaran da ya yi wa hoton shiga makaranta sun girma sun kawo nasu 'ya'yan, su ma abin da ya ce musu ke nan.

Shagon ɗan ƙaramin ɗaki ne tsakanin mai gyaran agogo da wani tela. A ciki akwai farin labule da shuɗi, da kujera mai juyawa, da madubi da aka rataya wa mataji a jikin zare, saboda mutane suna mantawa su tafi da shi a aljihu. Tun yana saurayi ya shiga sana'ar, yana wanke wa wani dattijo hotuna a ɗakin duhu, har ƙamshin ruwan wankin ya zauna masa a farce. Da zamanin fim ya wuce, bai tsaya ƙorafi ba kamar abokansa. Ya sayi sabuwar kyamara, ya koyi kwamfuta da yatsa ɗaya, ya ci gaba da aikinsa. Da shagon nan ya yi aure, da shi ya yi wa 'ya'yansa makaranta.

Abin da yake taƙama da shi a duniya shi ne hannunsa. In ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari ya riƙe numfashi, ko a wurin da haske ya yi ƙaranci hotonsa tas yake fitowa. In ya ga samarin masu hoto suna fama da ƙafa-uku, wato ƙarfen nan da ake kafa kyamara a kansa, sai ya yi musu tsiya.

"Ni ƙafa biyun da Allah ya ba ni sun ishe ni," in ji shi. "Ku ku yi ta dako."

Yana da tasa ƙafa-ukun fa, tsohuwa mai nauyi da ya gada wajen maigidansa, amma aikinta a shagon shi ne riƙe masa hula da jakar kyamara.

Abin ya faro ne a hankali. Hoto ɗaya ya fito dishi-dishi, ya ce yaron ne ya motsa. Wani ya sake fitowa haka, ya ce gilashin kyamarar ne ya yi ƙura, ya zauna ya goge shi har yana ƙyalli. Sai ranar da shugabar wata makaranta da ya daɗe yana yi wa aiki ta dawo masa da hotunan aji guda a ambulan.

"Baba, ka duba mana waɗannan," ta ce, tana kallon gefe don kunya. "Iyaye sun ce ba sa gane fuskokin."

Ya duba, bai yi musu ba. Ya ce zai sake ɗauka.

Autarsa ce ta faɗi abin da kowa a gidan ya gani ya yi shiru. Ta zo gaishe su da safe, ta tarar yana shan shayi, cokali yana ƙara a jikin kofin ba tare da yana juya shi ba.

"Baba, ajiye kofin nan ka miƙo hannunka."

"Ke kuma yaushe kika zama likita?"

"Ban zama ba, shi ya sa za mu je wajen wanda ya zama."

Likita ya gwada shi, ya ce rawar hannu ce irin wadda takan zo wa wasu da shekaru, ba mai kisa ba ce, magani zai rage ta amma ba zai kore ta ba. Tsaya-Haka ya dawo shago ya zauna a kujerar da yake zaunar da mutane. Da ya tashi, sai ya sauke hula da jaka daga kan ƙafa-ukun, ya jawo ta tsakar ɗaki.

Ƙafafun lafiyarsu lau. Kan ne ya mutu, wato ɓangaren sama da ake ɗaure kyamara a kai, wanda ke juya ta sama da ƙasa da gefe. Tsatsa ta cinye shi, hannuwansa sun ƙi motsi. Mai gyaran agogo ya zuba masa mai, suka haɗu suka murɗe shi da ƙyar ya fita. Ya rage a sayo sabon kai.

Akwai wani bene a kasuwa da ake sayar da kayan hoto, shaguna a jere a matse, wayoyi suna reto daga rufi. A nan Dogo yake, wanda Tsaya-Haka ya saba sayen batir da takardar hoto a wajensa. Dogo ya saurare shi, ya ce abin da ya dace da shi kai mai ƙwallo ne: ƙwallon ƙarfe a cikin ɗan kofi, maɗauri ɗaya, in ka sassauta kyamara ta juya duk inda kake so, in ka ɗaure ta tsaya.

"Amma Baba, ka zo da kyamarar da dogon gilashinka mu gwada. Ba a sayen wannan da ido."

Tsaya-Haka ya ji farashin na farkon da aka nuna masa, ya ce bari ya zagaya ya dawo. A ƙasan benen ya ga wani mai tebur yana sayar da irinsa, baƙi, mai sheƙi, cikin kwali mai hoton babbar kyamara. Araha ƙwarai. Ya juya shi a hannu, ya ji ba nauyi, ya ce a ransa ai ƙwallo ƙwallo ne. Ya biya, ya bi ta wata ƙofar don kada Dogo ya gan shi.

Aikin farko da ya fita da shi, hoton ɗaliban wata makarantar ɗinki ne da suka gama koyo. Aka jera su a zaure, na gaba a zaune, na baya a tsaye, kowace ta sa kayan da ta ɗinka da hannunta. Ya kafa ƙafa-uku, ya daidaita, ya ɗaure maɗaurin. Sai ya je ya gyara layi, ya matsar da wannan, ya ce wa waccan ta sauke haɓa. Ya dawo ya tsaya a gefe, ya danna ɗan abin dannawa mai waya da autarsa ta sayo masa don kada hannunsa ya taɓa kyamarar.

Da ya leƙa bayan kyamarar, takalma ya gani. Takalma da bakin zannuwa, a jere, sun fito tas, babu kan mutum ko ɗaya. Ashe tun da ya juya baya nauyin gilashin yake jan ƙwallon, kyamarar tana sunkuyawa sannu a hankali kamar mai gyangyaɗi.

Malamar ɗinkin ta leƙo ta kafaɗarsa, ta toshe baki. "To, aƙalla an ga kalmasa ta yi kyau," ta ce. Zauren ya ɗauki dariya.

Ya ɗago kyamarar, ya murɗa maɗaurin da ƙarfi, sai ya ji ƙas. Roba ce ashe a ciki, haƙoran maɗaurin sun cinye. Kyamarar ta kifo gaba gaba ɗaya, igiyarta da ke naɗe a hannunsa ce ta hana ta kaiwa ƙasa. A ƙarshe a kan teburin yanka ya ɗora ta, aka tallafe ta da dunƙulen yadi, haka aka yi hoton.

A gida ya ba matarsa labari yana fushi da mai tebur. Ta bari ya gama.

"Malam, shi mai teburin ya ce maka ƙarfe ne?"

"Bai ce ba."

"To da wa kake faɗa?"

Washegari ya saɓa ƙafa-ukun a kafaɗa, ya rataya jaka, ya hau benen. Dogo ya ga abin da ke ɗaure a samanta, ya gane. Ya jawo masa kujera, ya kwance karyayyen kan ya jefa a kwali, ya fito da wasu ya jera a kan gilashin kanta.

"Kada ka duba nauyin da aka rubuta a kwali, Baba. Kowa abin da ya ga dama yake rubutawa. Ɗora kyamararka da gilashin da ya fi nauyi, ka karkata ta, ka ɗaure, ka saita ta da bakin ƙofar can. Sai mu yi hira. In mun gama ka leƙa ka ga ko ƙofar tana inda ka bar ta."

Haka suka yi. Na farkon da ya gwada ya shiga ransa nan take. Ƙwallon yana tafiya sumul kamar a cikin mai, in ka ɗaure kuma ko gezau. Ya tambayi kuɗinsa, Dogo ya sunkuyo ya faɗa masa a kunne. Tsaya-Haka ya kwance shi a hankali da hannu biyu, ya mayar masa kamar mai mayar da jaririn mutane.

Na biyun ƙarami ne, ƙarfe ne kuwa, kuma ya riƙe kyamarar bai sunkuya ba. Matsalar maɗaurinsa ce, ɗan siriri mai santsi. Yatsunsa suka yi ta zamewa a kai, ya kama ya kuɓuce, ya kama ya kuɓuce. Ya ji kunya ta rufe shi a gaban mutanen da ke shagon. Dogo ya juya yana gyara wasu kwalaye har ya gama.

"Wannan na masu hannun ƙwarai ne," in ji Tsaya-Haka.

"Akwai wani, amma na hannu ne, an yi amfani da shi. In ba za ka ji haushi ba."

Dogo ya jawo shi daga ƙasan kanta. Fentinsa ya goge a gefe, sunan kamfanin ma ba ya karantuwa. Sai dai ƙwallonsa babba ne, maɗaurin kuma ƙato, an naɗe shi da roba mai kaushi da ke cika tafin hannu. Akwai wani ɗan ƙaramin maɗauri a gefe, Dogo ya nuna masa aikinsa: in ka saita shi, ko ka sassauta babban kyamarar ba za ta kife ba, sai dai ta bi hannunka a hankali. Ga mai rawar hannu, wannan ya fi komai.

Suka ɗora, suka saita da bakin ƙofa. Suka yi hirar tsadar takarda, da ciwon bayan mahaifiyar Dogo, da samarin da ke ɗaukar hoto da waya suna cewa su ma masu hoto ne. Tsaya-Haka ya leƙa. Ƙofar tana nan inda ya bar ta.

Kan bai zo da ɗan farantin da ake ɗaurawa a gindin kyamara ba, da na wani kan suka yi gwajin, sai da Dogo ya shiga shagon maƙwabcinsa ya nemo wanda ya dace. Kuɗin ya ɗan haura abin da ya yi niyya. Ya yi ciniki kamar yadda ya saba, Dogo ya rage abin da zai iya, suka rabu kowa yana cewa an cuce shi, suna dariya.

Daga nan aikinsa ya canza. Ya daina zuwa tarurrukan da ake bin mutane da gudu, ya bar wa masu ƙafa da hannu. Ya riƙe hoton shago da na makarantu, kuma shugabar nan ba ta sake dawo da ambulan ba. Aikinsa ya ƙara jinkiri, wasu sukan yi ƙorafi, amma da yake yanzu a gefen kyamara yake tsayawa, yana kallon mutum ido da ido, yara sun rage kuka a gabansa. Rawar hannun tana nan, wata rana da sauƙi, wata rana sai autarsa ko tela ya ɗaura masa farantin.

Da jikokinsa suka zo hutu, matarsa ta ce tunda abin yana tsayawa da kansa, ya zo ya shiga cikinsu a yi hoto. Ya kafa ƙafa-ukun a tsakar gida, ya saita kyamarar ta ɗauka da kanta, ya tako da sauri ya zauna a bakin benci. Hoton ya fito da kyau, sai dai rabin kafaɗarsa a waje, don bai bar wa kansa isasshen wuri ba. Ya ce a sake. Matarsa ta ce yara sun gaji, abinci kuma yana hucewa. Haka ya wanke shi, aka rataya a falo.