Hutun Inna Bayan Azahar

Wata Laraba ce, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu, Inna ta faɗi a gindin murhu da muciya a hannunta. Ranar Baba ya tara 'yan gayya a gonar rakensa da ke bayan Gazara, ana sara ana ɗaurewa, abincinsu kuma duk a wuyanta yake. Tun asuba ta surfa masara, ta kai niƙa, ta ɗora babbar tukunya, tana yi tana lallashin ƙanina Sani da ke kan nono. Na dawo daga makaranta na tsaya a kanta ina cewa yunwa nake ji. Ban rufe baki ba na ga ta sulale ƙasa, ɗankwalinta ya kusa taɓa wuta.

Ihuna ne ya fito da Goggo Hajo, yayar Baba, daga ɗakinta na ƙuryar gida. Ta yayyafa wa Inna ruwa, ta jingina ta da bango, ta dama mata fura. Da Inna ta buɗe ido, abin da ta fara cewa shi ne, "Tuwon zai kama." Goggo ta ce, "Ya kama mana. Yaushe rabonki da abinci?" Mu da muke cin girkinta safe da yamma, babu wanda ya san amsar a cikinmu.

Da Baba ya dawo, Goggo ta tare shi a zaure ta kafa doka: kullum bayan azahar Inna za ta shiga ɗakin Goggo, ba mai kiranta sai la'asar. Baba ya ce, "Yaya, kaka ce fa." Ta ce, "Raken ne zai shayar da Sani?" Dole ya haƙura.

Da farko Inna kan shiga da faifan wake wai za ta tsince, Goggo ta karɓe ta ajiye a waje. A hankali ta saba. Takan tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗanya a faso, ta ja carbi har barci ya ɗauke ta. Wanke-wanke da jan ruwa a rijiya suka dawo kaina, yayana Musa ya ɗauki ciyawar awaki, Sani kuma ya koma bayan Goggo. Ina jiyo ƙawayena suna carafke a ƙofar gida, ina dirje tukunya ina ƙunƙuni. Amma kafin a gama saran rake, mun sake jin dariyar Inna a tsakar gida, sai a lokacin na gane mun daɗe ba mu ji ta ba.

Yau ina aikin jinya a Zariya, da 'ya'ya uku. Kullum ina gaya wa mata su riƙa hutawa, suna gyaɗa kai. Goggo ta daɗe da rasuwa, ban kuma ga wanda ya gaji halinta ba. Inna kan kira ni da rana ta ce, "Rabi, kin zauna yau?" Sai in ce na zauna, alhali waya na maƙale a kafaɗata, ina sauri tsakanin gadaje. Takan ce, "To, Allah ya yi miki albarka."

Wannan albarkar tana yi mini nauyi.