Madatsar Baffa a Tumfure

Ina shekara ta biyu a karatun lauya na koma zama gidan Baffana a Tumfure. Tun da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya rasa wanda zai ba umarni, sai ya koma kan ruwa. Akwai ɗan kwari a bayan gidansa. Ya sa aka tare shi da jar ƙasa da buhunan yashi, ruwan damina ya taru, ya zuba tarwaɗa. Duk baƙon da ya zo, sai an kai shi ya gaida "dam".

A gangaren dam ɗin akwai ɗakin wani mai ɗinkin hula ɗan Borno da iyalinsa. Rikici ne ya raba su da gidansu na can. Wannan ɗakin ƙasa ne, da hannunsu suka gina.

A zangon karatun nan aka koya mana cewa wanda ya tara ruwa a filinsa, dole ya riƙa dubawa, ya yi masa mafita. In ya ɓalle ya yi ɓarna, shi doka za ta kama, ko bai yi niyya ba. Da na dawo na zagaya bayan madatsar, na tarar da tsaga, ruwa na tsattsafowa. Na auna da rula na rubuta. Bayan kwana uku, yatsuna biyu suna shiga.

Sau biyu na durƙusa gaban Baffa zan faɗa, sau biyu na ƙare da "An yini lafiya?" Sai na rubuta masa da Turanci irin na ofis, na jera sakin layi da lamba, na sa a fayil.

Ban taɓa ganin ya ji daɗi haka ba. Ya sa tabarau, ya gyara mini wurin kwanan wata, ya ɗauki jan biro ya rubuta, "An gani. Hajiya, don shawara." Ya ce in kai wa matarsa, Goggo.

Na same ta tana gyaran zogale.

"Ke, fassara mini, kada ki ja."

Na fassara.

"Wato in ya fashe, a kan mutanen nan zai sauka?"

"E, Goggo."

"Shi ne sai an buɗe fayil?"

Ta ɗaura ɗankwali a ƙugu, ta ɗauki fartanya, ta ƙwala wa matar mai hula kira ta katanga. Su biyu suka hau sara ta gefen da ruwan yake bi tun asali. Baffa ya fito yana riƙe da bakin riga.

"Hajiya! Ban sa hannu ba! Shawara na ce!"

"Ga shawarar nan tana gangarawa, Alhaji."

Ruwan ya bi tsohuwar hanyarsa, ya wuce ɗakin bai ko lashi bango ba. Tarwaɗar ma ta bi shi, unguwa ta fito da robobi.

Bayan la'asar mai hula ya yi sallama da kwanon farfesu, yana ta yi wa Baffa addu'a saboda hangen nesansa. Baffa ya karɓi addu'ar duka, bai rage wa kowa ba. Da mutumin ya tafi, ya buɗe kwanon, ya daɗe yana kallon kan kifin.

"Barista, kifin da ya gudu fa, na waye a doka?"

"Ba mu zo nan ba tukuna, Baffa."

"To, miƙo cokali."