Hirar da Muke Yi da Talabijin

Ni dai a ganina, cikin duk abin da masana na'ura suka ƙirƙiro a zamanin nan, babu mai daraja kamar ɗan jiran nan da wasan gem yake sa mutum ya yi kafin a take ƙwallo. Na ji an ce akwai masu cin albashi don kawai su cike wannan giɓi da hotuna da kiɗa, kada mai wasa ya gaji ya tashi. Da za su ji ta tawa, da sun bar shi yadda yake.

A lokacin ina koyar da Turanci a wata sakandare a Babura, mutum mai yawan magana a aji, marar ita a gida. Mu gidanmu Fulani ne, ba ma kiran sunan ɗan fari, ba ma zama hira da shi. Nawa ɗan farin ya girma a gabana kamar baƙon da na san tarihinsa duka amma ba a gabatar da mu ba. Da ya dawo hutu daga makarantarsa ta Kazaure, sai ya zo da wata tsohuwar na'urar gem da faifan ƙwallo da aka sayo a Nijar, rubutunsa duk Faransanci, harshen da ban taɓa yi wa sallama ba. Wata rana bayan la'asar na shiga zaure da niyyar ganin abin da ke cinye masa lokaci. Bai ɗago ba, ya turo mini hannu na biyu, wato abin danne-dannen da ake wasan da shi, a kan tabarma. Na ɗauka, wai don bincike.

Kafin kowane wasa, wata ƙwallo takan yi ta juyawa a allon, ta daɗe. A wannan jiran ne na yi gyaran murya na gaya wa talabijin cewa ruwan bana ya yi jinkiri. Sai na ji yaron ya amsa wa talabijin ɗin cewa a Roni ma haka ake kuka. Daga nan muka samu hanya. Talabijin ta ji labarin yadda na yi kiwo ina yaro, ta ji cewa abincin makaranta ba ya ƙosarwa, ta ji cewa lissafi yana ba wani mutum wahala. Ba mu karya al'ada ba, tunda ba wanda ya kalli wani. Sau biyu ko uku ya fara cewa akwai wata magana da talabijin ya kamata ta sani, sai kuma wasa ya fara.

Ni kuwa da son gyara irin na malamai, sai na ga jinkirin nan aibi ne. Na aika Kano aka sayo sabuwar na'ura, ina ganin wannan ce hanyar da uba zai ce yana ƙaunar ɗansa ba tare da ya buɗe baki ba. Na zauna da alfahari, na koyi danna madannai da sauri, wasa na bin wasa ba numfashi. Yaron ya yi godiya ga talabijin. Bayan haka ba ta ƙara jin komai ba.

Ran da ya kamata ya koma makaranta, sai ya hau mota ya tsallaka Magarya ta Nijar wajen kawunsa mai fataucin dabbobi. Ƙanwata, goggonsa, ita ta gaya mini cewa tun kafin hutu aka sallame shi saboda faɗuwa jarrabawa, kuma duk zaman nan yana tattara ƙarfin gaya mini ne. Damina ta wuce ina shiga zaure ina fita. Ban yi fushi da faɗuwar ba. Ni ma na kayar da ɗaliban da suka fi ni arziki yau. Abin da ya ci raina shi ne yaro ya ɗauko magana har bakin ƙofa, ni na rufe.

Saboda haka nake roƙon iyaye: idan kun samu wani ɗan shiru tsakaninku da 'ya'yanku, kada ku yi gaggawar gyara shi. Ku zauna a ciki. Wata maganar ba ta da ɗakin kwana sai nan.

Lokacin kaka yaron ya dawo, ya rame, ya yi baƙi. Na riga na ciro tsohuwar na'urar na goge ta. Muka zauna, ƙwallo ta fara juyawa, na gaya wa talabijin cewa makaranta ba ɗaya ba ce a duniya, kuma ina godiya ga wannan tsohon inji da ya san darajar jinkiri. Yaron ya daɗe yana goge ido da hannun riga. Sannan ya shaida wa talabijin cewa injin bai taɓa jinkiri ba. Ƙwallon tana jira ne sai mai hannu na ɗaya ya danna, kuma tun da aka kawo sabuwar, ni nake riƙe hannu na ɗaya.