Na Je Katagum Neman Labarin Ƙanena Soja

Na fi wata biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Ilimina bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in rubuta abin da ban tabbatar ba Allah ya tambaye ni. Amma shirun ya isa.

Ƙanena yana cikin sojojinmu da suka je Saliyo suka kori waɗanda suka ƙwace mulki da bindiga. Bai dawo ba, takarda ma ba ta zo ba. Inna ta hana a yi masa sadaka, ta ce ba za ta yi makokin wanda wataƙila yana raye ba. Da na ji akwai wani tsohon soja a Katagum da ya yi wannan yaƙi, sai na rufe shagon ɗinkina.

Mun tashi daga Azare bayan sallar asuba, ni da wani maƙwabcina. Sau uku na laluba aljihu ko hoton ƙanena yana nan. Direba ya ƙara kuɗin mota wai mai ya yi tsada, ya cusa mu huɗu a baya da buhun barkono. Har Gadau atishawa muke yi. Hanyar kuwa rami na biye da rami.

A cikin motar wani mai babbar riga ya ji inda za mu, ya ce, "Ai yaran nan asararsu aka yi. Ina ruwanmu da yaƙin wasu?"

Ni mai tsoron rigima ne, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Alhaji, mu da muka ɗanɗana mulkin bindiga a ƙasar nan, mu ne za mu ce ina ruwanmu? Sun je, sun ci yaƙi, sun mayar wa mutane da shugaban da suka zaɓa. Ban yarda asara ba ce." Da muka isa Katagum muka sauka.

Mun sha fura da nono a tasha, mai kauri, ta fi ta Azare arha. Wani mai kifi ya nuna mana gidan.

Mun tarar da tsohon sojan a zaure, ƙafarsa ɗaya. Ya ce ranar da suka shiga babban birnin, mata sun shimfiɗa musu zannuwa a titi, wani da aka yanke wa hannaye ya rungume shi da dungulmi. "In an sake kira, da sandar nan zan tafi," in ji shi.

Na faɗi sunan ƙanena. Ya girgiza kai. "Malam, a can da sunan gari muke kiran juna. Ɗan Azare biyu na sani. Ɗaya ya faɗi a bakin gada, ɗaya an tura shi daji."

Na miƙa hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai na Sallah ne. Ban taɓa ganin ɗayansu da hula da riga ba. Ina na kaki?"

Na kakin yana ƙarƙashin matashin Inna. Kunya ce ta hana ni roƙonta.

Mun dawo da la'asar. A hanya maƙwabcina ya ce in gaya wa Inna ƙanena ya rasu kawai, ta huta. Na ƙi. Na faɗa mata yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ce, "Ko wanne ne nawa, bai gudu ba." Amma sadakar dai ta ce a dakata.

Tafiyar ta koya mini kada in sake sunkuyar da kai in an raina abin da suka yi. Roƙona gare ku: duk wanda ya yi yaƙin Saliyo, ko ya san wanda ya yi, ya tambaya mana wane Ɗan Azare ne ya faɗi a gadar. Namu dogo ne, yana da tabon ƙuna a hannun hagu. Inna tana jira.