Rigar aro a gaban Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, can wajen Tebaram. Saboda kunyar ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In yana son ruwa, ƙanena zai ce wa, "Waccan ta kawo ruwa." Ni ma ban san kalar idonsa ba. Haka na tashi, duk babban da ya tsaya gabana sai kaina ya sunkuya da kansa, muryata ta koma ciki.

Da wannan halin na shiga karatun shari'a a jami'ar Tahoua. A rubutu ba wanda nake tsoro, wannan ba yabon kai ba ne, 'yan ajinmu shaida ne. Amma a shekara ta uku aka ce za a yi shari'ar gwaji, kowa ya tsaya a matsayin lauya, wanda ya fi iya magana a tura shi kotu koyon aiki. Ina son wurin nan kamar me. Ranar gwajin farko na yi bayanina kaf ina kallon takalmina. Malaminmu, wani dattijo mai tsokana, ya ce, "Malama, alƙali ba surukinki ba ne. In takalmin ne zai yanke hukunci, to ci gaba."

Aka yi dariya, na ji haushi, kuma haushin ya yi mini amfani. Duk ranar da ba darasi sai in hau kabu-kabu in tafi kotu, in zauna a bencin jama'a ina kallon yadda lauyoyi ke tsayawa, inda suke ajiye hannu, yadda suke yin shiru kafin babbar magana. A ɗaki kuwa ƙawata 'yar Affala ke zama alƙali, da zane naɗe a ka, in na sauke ido ta buga cokali a kwano. Mai sayar da masa a bakin ƙofar jami'a ma na yi ta gwada kallon ta cikin ido, har ta tambaye ni ko lafiya.

Shari'ar da ta faɗo mini ta makiyayi ce da shanunsa suka shiga gona, ni ce mai kare shi. Ranar shari'ar na ari baƙar rigar lauya wadda ta yi mini yawa. Ina miƙewa, sai ga kawuna a ƙofa, Baba na bayansa riƙe da takalmansa a hannu, kamar mai shiga fada. Awaki suka kawo kasuwa, kawu ya jawo shi. Suka zauna gefe, daidai inda in na kalli alƙali dole in gan shi.

Wuyana ya fara aikinsa. Na ji kaina yana sauka, ga Baba manomi, ni kuma zan ce manomi ne da laifi. Ƙawata ta ƙwanƙwasa benci da biro. Na ɗaga kai. Na ce kafin a tambayi shanu me ya kai su gona, a tambayi gona me ya kai ta cikin burtali, hanyar da aka bar wa dabbobi tun kakanni. Na kawo doka, na kawo al'ada, muryata ta kai bangon baya. A tsakiyar magana idona ya haɗu da na Baba, shi ne ya fara kawar da kai. Ashe idonsa ja-ja ne, irin nawa.

Ni aka zaɓa, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya cika.

A waje na same su ƙarƙashin itacen bedi. Na durƙusa na gaishe su, kaina a ƙasa kamar kullum. Kawu ya yi ta zuba, yana cewa, "Ɗiyag ga ta kashe mu, mu manoma." Baba bai amsa gaisuwata ba, dama ban sa rai ba. Ya ɗan jima yana kallon gefen rigar da ke jan ƙasa, sannan ya juya wajen kawu.

"Ce mata ta tashi," in ji shi. "Mai wagga riga ba ta durƙusa ma kowa."

Na tashi, na kakkaɓe rairayin.