Tudun Bakin Gareji

Motar ja ce, mai kujera biyu, rufinta na tamfol. A bayan gidan wani tsohon malami a Yelwa na same ta, kaji na saka ƙwai a cikinta. Da igiya aka jawo min ita gida.

Na yi shekara da shekaru a ƙarƙashinta. In na taso daga aiki sai gareji, ina wanke kafireto da fetur, ko ina bin 'yan gwangwan a Gwallaga neman fitila guda. Wata damina kwata ta cika, ruwa ya shigo har ya taɓa tayoyinta. Raina ya ɓaci. Washegari na kira birkila ya yi min tudun siminti a bakin ƙofa, ruwa bai sake shiga ba.

Ranar da injin ya tashi sosai, na sa farar riga, na ja ta a hankali zuwa ƙofa. Sai na ji ƙarrr! Cikinta ya gogi tudun, ta tsaya cak. Na manta irin waɗannan motoci kusan a ƙasa suke tafiya.

Matata tana tsaye da tsintsiya, ta ce, "Malam, ai guduma ce maganinsa."

Gaskiya ta faɗa, a ranar na sayo gudumar. Amma sai na tuna ramukan titi, da masu keke napep da ke goge maka mota su wuce ko waiwaye. Har yanzu duk Asabar ina tayar da ita, in saurari injin, in kashe. Gudumar tana jingine a bango, ta fara tsatsa.