Gyaɗar Maradun a Talata Mafara

"Alhaji, yaushe ka ɗauke min rumbu ka kai Mafara?"

Malam Sani ke nan a waya, manomin gyaɗa a Maradun. Mai saye ya ga tallan gyaɗarsa, ya taso da mota, ya wuni nemansa a garinmu, Talata Mafara.

A shafin intanet na tallan amfanin gona da na gina da kaina, ba malami, ashe na saita gurbin sa sunan gari yana cike kansa da Talata Mafara in mutum bai canza ba.

"Laifina ne, Malam."

"In ka kuma, wurin dillalai zan koma."

Ba zai koma ba. Na goge saitin, yanzu talla ba ta fita sai ka zaɓi garinka.

Mai gini shi ke gyara. 'Yan Bakura masu talla a shafin, ku ma ku duba naku ku faɗa min.